Ku Tono Motar Nan Tun Ƙasa Ba Ta Cinye Ta Ba

Yau maganar mota za mu yi. Na san wata za ta ce ina ruwan mace da ƙarfe, to ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, za ki ga ruwanki ne ya fi na kowa yawa a ciki.

In kin zaga unguwar Kusugu a nan Daura, ko kuwa kin je biki Mai'aduwa, ko Zango, ko Sandamu, ko Baure, da wuya ki dawo ba ki ga wata tsohuwar mota a ƙofar wani gida ba. Wata akori-kura ce, wata Land Rover, wata kuwa Peugeot 504, watau Fijo irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna cikin 1975. Tayoyinta sun sace, gilashi ya fashe, ciyawa ta fito ta cikinta, ƙasa ta haɗiye ta har ciki. Awaki suna kwana a inuwarta, yara suna wasan direba a sitiyarinta. In kin tambaya, amsa biyu ce: ko dai maigida ya ce zai gyara in kuɗi sun samu, ko kuwa mai ita ya rasu, ba wanda yake so ya fara tayar da magana.

YADDA ƘASA KE CIN MOTA

'Yan makaranta, ku tuna darasin kimiyya. Abu uku ke haɗuwa su haifi tsatsa: ƙarfe da ruwa da iska. Motar da ke tafiya kullum tana bushewa, mai yana zagaya injinta. Wadda aka ajiye kuwa, da farko iskar tayoyi ke fita, sai nauyinta, wanda ya haura tan 1, ya koma kan bakin ƙarfen wili. Da damina ta sauka ƙasa ta jiƙa, sai ƙarfen ya yanka ta ya shiga. Da rani ya zo, iska ta kwaso rairayi, ƙasarmu kuwa jigawa ce, ta tara mata a gindi. Shekara ta zagayo a sake. Ranar da cikin motar ya taɓa ƙasa, daga nan ba ta ƙara bushewa sosai, tsatsa kuma ta sami wurin zama.

Ga misali biyu daga Amurka, ku gwada su. Cikin watan Disamba 1974 aka ba da rahoton sace wata mota mai tsada, Dino ta kamfanin Ferrari, a birnin Los Anjalis. Cikin Fabrairu 1978 aka tono ta a binne a farfajiyar wani gida. Shekara 3 da ɗan kai ta yi a ƙasa, aka gyara ta, ta sake hawa titi. A birnin Tulsa na Jihar Okalahoma kuwa, hukuma ce da kanta ta binne sabuwar mota fil, Plymouth Belvedere, cikin Yuni 1957, a ramin da aka gina da kankare, aka lulluɓe ta, da niyyar a buɗe bayan shekara 50. Da aka buɗe cikin Yuni 2007 sai aka tarar ruwa ya shiga ramin, tsatsa da laka sun gama da ita, ba ta ko motsa ba. To in wadda aka yi wa ɗakin kankare ke nan, ina ga wadda ke ƙofar gidanku, ba rufi ba shimfiɗa? Kowace damina da ta wuce, wani abu ya ragu daga kuɗinta.

HAƊARINTA GA YARA

Asarar kuɗi ma da sauƙi. Kowace 'yar Daura ta san labarin da muka gada na macijin rijiyar Kusugu, wanda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, gari guda yana haƙuri da shi har Bayajida ya zo ya kashe shi. Tsohuwar mota ma ɗakin maciji ce. Ɓeraye ke fara shiga kujerunta, maciji ya biyo ɓera, kunama ta sami ƙarƙashi. Ruwan da ya kwanta a tayoyi da cikin but, nan sauro ke ƙyanƙyasa. Ƙarfen da ya yanki ƙafar yaro a cikin turɓaya da kashin awaki, hanya ce ta ciwon sandarewar jiki, wanda asibiti ke kira tetanus.

Wadda ƙofofinta da gilasanta ke nan daram ta fi haɗari. Cikin Disamba 2021 aka sami yara 8 a mace cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagiri na Jihar Legas. Ƙaramin yaro yana iya shiga ya ja ƙofa, amma in makulli ya cije ba zai iya fita ba, zafin cikin rufaffiyar mota kuwa ya fi na waje nesa ba kusa ba. Ki tuna da rana irin ta watan Afrilu a Daura.

Sa'an nan ga batir. A cikinsa akwai ruwan asid mai ƙona fata, akwai kuma dalma, wadda guba ce mai lalata ƙwaƙwalwar yaro. A wata unguwa da ke gefen birnin Dakar na ƙasar Sanigal, inda ake fasa tsofaffin batura ana tsintar dalma ana sayarwa, yara 18 suka mutu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008. Saboda haka kada ki yarda a fasa batir a tsakar gidanki, kada kuma ki mai da kwankonsa mazubin ruwan kaji.

MOTAR WA CE?

Kafin a taɓa shebur, a fara warware wannan. In ta maigida ce yana raye, ki sami lokacin da ransa ke sanyi ki tayar da zancen ta wajen yara. Kada ki ce masa ya kasa gyara. Maza da yawa suna barin motar ne don ita ce shaidar lokacin da hannunsu ke da maiƙo, rabuwa da ita da ciwo.

In kuwa ta mamaci ce, to gado ce, kuma ke ma kina da haƙƙi a ciki. Matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tana da tumuni, watau kashi 1 cikin 8. In bai bar ɗa ko jika ba tana da rubu'i, kashi 1 cikin 4. In matan sun fi ɗaya, su raba wannan kason a tsakaninsu. Ga lissafi na misali don 'yan makaranta. A ce an biya bashi da wasiyya, mamacin bai bar uwa ko uba ba, ya bar mata 1 da 'ya'ya maza 2, mata 3, aka sayar da motar Naira 800,000. Matar ta ɗauki 100,000. Sauran 700,000 a kasa 7, kowane namiji 200,000, kowace mace 100,000. Wannan ya isa jarin ƙuli-ƙuli ko kuɗin littattafai da rajistar jarrabawa. In aka bar ta shekara 10 a ƙasa, sai dai 'yan gwangwan su auna ta a sikeli, rabon marayu ya tafi a tsatsa. Jin nauyin dangin miji ba ya hana neman haƙƙi. Ki aika wa wanki ko baffan yara ya yi magana, in ta ƙi a je wa mai unguwa, in ta ƙi nan ma akwai alƙali.

YADDA AKE TONO TA

Ba ke za ki riƙe diga ba, amma in kin san yadda ake yi, ba wanda zai yi miki aikin ganganci a ƙofar gida.

1. A yi aikin da rani, ƙasa ta bushe, kuma da sassafe. A kira bakanike tun farko. Yara duka su shiga cikin gida, ki sa babbar 'yarki ta tsare zaure.

2. A sare ciyawar da ke kewaye, a bubbuga jikin motar da dogon sanda, a dakata abin da ke ciki ya fita. Kada a cinna wuta don korar maciji, domin tankin da aka daɗe ba a zuba wa mai ba yana iya riƙe tururin fetur.

3. A cire batir a ajiye nesa da yara, har a kai wa masu sayensa.

4. A haƙa kewayen kowace ƙafa, a yashe ƙasar da ta kama cikin motar, sa'an nan a yi mata gangare ta gefen da za a ja ta. Wanda ya ja ba tare da haƙa ba, gaban motar zai tafi da shi ya bar bayanta a rami.

5. A ɗora jak a kan katako mai kauri don kada ya nutse. A ɗaga kusurwa ɗaya, a cusa katako, a koma wata kusurwar. Kada kowa ya shiga ƙarƙashi alhali jak kaɗai ke riƙe da ita.

6. A sa tayoyin aro masu iska. Bakanike ya saki birkin da ya kama, ya mai da giya firi.

7. A ɗaura sarƙa a ƙarfen da bakanike ya tabbatar bai ruɓe ba, ba a bamba ba. Janwe ko tarakta ta ja a hankali, mutane su yi nesa, don sarƙar da ta tsinke tana karya ƙafa.

8. Kada a yi garajen tayar da inji. Sai an juye tsohon baƙin mai da fetur, an duba ko injin yana juyawa da hannu.

9. A kankare ƙasar da baƙin mai da ruwan batir suka zuba a kai, a kai ta nesa da rijiya, a cike ramin da sabuwar ƙasa. Kada ki shuka kuɓewa ko yakuwa a wurin.

IN TA FITO FA?

Hanya uku ce. In shasi da inji suna da rai, a gyara ta ko a sayar wa mai gyarawa. In jiki ya mutu, sau da yawa sayar da kayanta ɗai-ɗai, kamar giya da lagireto da ƙofofi, ya fi a ba da ita a dunƙule. A tambayi farashi wurin mutum biyu ko uku, in da hali har kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna. Nan ne aikinki yake, ke 'yar makaranta. Ki ɗauki littafi da biro ki rubuta abin da aka cire, da wanda ya saya, da nawa, da shaidun da ke wurin. Ki nemo takardun motar a cikin adakar Baba, a cire lambarta a adana, kada ta faɗa hannun ɓata-gari.

Ta uku, in motar tana da tarihi, a adana ta da gaske. Motar Mercedes-Benz da aka harbi Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu 1976 tana gidan tarihi na ƙasa a Legas, a ƙarƙashin rufi, shi ya sa har yau ake ganinta. Rijiyar Kusugu ma don an kewaye ta da gini ana kula da ita ne baƙi ke zuwa kallo. In motar kakanku ce ta fara jigilar mutane daga garinku zuwa Kano, kuna so jikoki su gani, to a ɗaga ta a kan bulo, a yi mata rumfa, a cire batir da mai, a kulle ta yadda yaro ba zai shiga ba.

Kafin a kai ga duk wannan, akwai abin da za ki iya yi yau. Ki sa a ɗaure ƙofofin da waya ko a cire su ɗungum, a kifar da ruwan tayoyi, ki kuma gargaɗi yaranki da na maƙwabta. Rigakafi dai ya fi magani. Allah ya tsare mana zuriyarmu, amin. Sai mun sadu a fili na gaba.