Mitar gwada batir

Mitar gwada batir ƙaramar na'ura ce da ake riƙewa a hannu domin auna ƙarfin lantarki, wanda ake lissafa shi da volt. Masu gyara a ƙasar Hausa suna kiranta mita kawai, amma daban take da mitar da kamfanin wuta ke maƙalawa a gida don lissafin kuɗi.

Tarihi

A shekarar 1800 Alessandro Volta, ɗan ƙasar Italiya, ya ƙera batir na farko, kuma daga sunansa aka samo kalmar volt. A 1820 Hans Christian Ørsted na Denmark ya gano cewa lantarkin da ke bin waya yana karkatar da allurar kamfas. Na'urorin awo na farko da aka gina a kan wannan ilimi na ɗakin bincike ne, ba sa jure ɗauka ko girgiza.

A 1882 Jacques-Arsène d'Arsonval da Marcel Deprez na Faransa suka fito da tsarin naɗaɗɗiyar waya mai juyawa a tsakiyar maganaɗisu. Edward Weston, haifaffen Ingila da ya zauna a Amurka, ya inganta tsarin a 1888, ya fitar da mitar da ma'aikaci zai iya ɗauka zuwa wurin aiki. A shekarun 1920, lokacin da yawancin rediyoyin gida ke aiki da batir, an riƙa sayar da mitoci masu siffar agogon aljihu. A 1923 aka fara sayar da Avometer, ƙirar Donald Macadie, injiniyan hukumar gidan waya ta Birtaniya, wadda ta haɗa awo iri uku a akwati ɗaya.

Yadda take aiki

Mitar tana da wayoyi biyu, ja da baƙa. Ana ɗora ja a kan fosatif na batir, baƙa a kan negatif. A tsohuwar ƙira, ɗan lantarkin da ya ratsa naɗaɗɗiyar wayar yana juya ta, sifirin yana ja da ita baya, allura ta tsaya inda ƙarfin biyu ya daidaita. Mitocin yanzu lamba suke nunawa.

Sabon batirin tocila yana ba da kimanin volt 1.5. Batirin wayar salula yana kai 4.2 idan ya cika. Batirin mota mai cikakken caji yana nuna kusan 12.6, idan inji na aiki kuwa yakan kai wajen 14.

Sai dai lamba kaɗai tana iya yaudara. Batirin da ya tsufa kan nuna 12.5 yana ajiye, amma da an murza ki sai ƙarfinsa ya faɗi warwas. Shi ya sa ake gwada batir yayin da yake ɗauke da aiki, kuma mitocin da aka ƙera musamman don batir suna jan lantarki daga gare shi a lokacin awo.

Amfani a Jigawa

A Dutse, har da unguwanni irin su Yalwawa, kamfanin KEDCO ne ke rarraba wuta. Saboda ɗaukewar wuta, gidaje da shaguna da dama sun dogara da janareto da sola, don haka mita ta zama kayan aikin yau da kullum ga masu cajin batir, masu gyaran waya da masu haɗa sola. Zafin bazara yana rage wa batir kwana, kuma gwaji kafin saye yana kare mai sayen batir na hannu daga asara. Wutar gida a Najeriya volt 230 ce, tana iya kisa, saboda haka aunata aikin ƙwararru ne.