Gadon da Muka Raba da Biri

Wani gwaggon biri ya taɓa fizge mini ledar biredi a Yankari, ya zauna a gabana ya cinye tas, ko kunya babu. Sai daga baya na san akwai wani abu a jininsa da ke cikin nawa, wanda saniya da kare da ɓera ba su da shi.

Maiƙo ba ya haɗuwa da ruwa, don haka jiki kan ƙulle shi cikin furotin kafin ya sake shi a jini, kamar yadda mai koko ke ƙulla shi a leda. Likitoci na ce wa waɗannan ƙulle-ƙulle lipofurotin. Ɗaya daga ciki, Lp(a), Kåre Berg ɗan ƙasar Norway ne ya gano shi a 1963. Mutum na da shi, birran Afirka da Asiya na da shi, na Kudancin Amurka babu. Sai bushiya, wadda ta samo nata ta wata hanya daban. Ikon Allah!

A San Antonio ta jihar Texas a Amurka, akwai cibiyar da ta haura shekara 50 tana kiwon irin birin nan na Yankari, sai dai kakanninsu daga Kenya aka kwaso su. Kowanne an rubuta nasabarsa, uwa da uba da kakanni. Aka riƙa ba su abinci iri ɗaya mai kitse da kolestarol. Kolestarol na jinin wasu ya yi tashin gwauron zabo, wasu kuwa ko gezau, kuma 'ya'ya suka biyo iyaye.

Lp(a) ya fi taurin kai, abinci kusan ba ya taɓa shi. A mutum, kimanin kashi 90 cikin 100 na yawansa gado ne. Ƙwayar halittar da ke sarrafa shi tana da wani gutsure da ke maimaita kansa, wani sau kaɗan, wani har fiye da 40. Mai gajeren maimaici galibi shi ne jininsa ke cika da shi, a mutum da biri duka.

Kusan mutum 1 cikin 5 na da shi fiye da ƙima, kuma mu 'yan Afirka mun fi Turawa yawansa a jini ninki biyu zuwa uku. Yawansa na ƙara haɗarin toshewar jijiyar zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ko da mutum siriri ne kamar kara.

In ciwon zuciya ya taɓa ɗauke wani a gidanku da sauran ƙuruciyarsa, ka tambayi likita gwajin Lp(a). Galibi sau ɗaya a rayuwa ya isa.