Cutar Ƙanjamau A Yola Da Jimeta: Magani Ya Samu, Saura Kunya Da Kuɗi

Duk wanda ya yi wayo a Jimeta cikin shekarun 1990 zai tuna yadda ake yi idan aka ga magidanci ya fara ramewa, ga tari ba dare ba rana, ga gudawa da ta ƙi tsayawa. Ba a kama sunan cutar a gaban iyalinsa. Wani ya ce sammu ne, wani ya ce ciwon daji, matasa kuwa a bakin tasha su riƙa raɗa suna cewa "kabari kusa". Sunan da ya bi ta ma, watau ƙanjamau, daga ƙanjamewar jikin majinyaci aka samo shi. In an kai shi asibiti sai a ba shi maganin tari da na zawo, sa'an nan a ce wa dangi su koma gida su ci gaba da addu'a. Yau kuwa mai irin wannan cuta yana haɗiye ƙwaya ɗaya kullum, ya buɗe shagonsa a kasuwar Jimeta, maƙwabcinsa na shekara goma bai san kome ba.

A watan Yuni na 1981 ne likitocin Amurka suka fara ba da labarin wasu samari biyar a Los Angeles waɗanda garkuwar jikinsu ta rushe ba a san dalili ba. A 1983 masana a Cibiyar Pasteur ta Paris suka gano ƙwayar cutar. Nijeriya ta ba da sanarwar samunta a 1986, lokacin Yola tana hedkwatar Jihar Gongola. Gari ne da hanyoyi suka haɗu a cikinsa, ta Mubi da ta Numan da ta Jalingo da masu ɓullewa Kamaru, kuma cuta ba ta neman izinin ƙetare iyaka. Gwajin da ake yi wa mata masu juna biyu ya nuna kashi 1.8 cikin 100 a ƙasa baki ɗaya a 1991, shekarar da aka raba Gongola gida biyu, Adamawa da Taraba. Kafin 2001 ya kai kashi 5.8.

Magani ya samu a Turai tun 1996, sa'ad da aka gano cewa haɗa magunguna uku yana danne ƙwayar cutar, amma kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara. Ina malamin makaranta zai samo wannan, balle mai facin taya? A wannan tsakani ne masu ikirarin warkarwa suka ci kasuwarsu. Dakta Jeremiah Abalaka ya yi tashe a Abuja wajen shekarar 2000, aka riƙa sayar da gona da shanu don a je wurinsa, ba tare da an tabbatar da maganinsa ba. Shugaban Gambiya na lokacin, Yahya Jammeh, shi ma ya yi nasa ikirarin a 2007. Ƙannensu har yau suna nan da lasifika a tasoshin mota.

Sauƙi ya zo ne daga Indiya, inda kamfanin Cipla ya yi tayin maganin a kan dala 350 a shekara cikin 2001. Gwamnatin Tarayya ta fara rabawa a 2002 ga manya 10,000 a asibitoci 25, mutum yana biyan naira 1,000 a wata, sa'an nan aka mai da shi kyauta a 2006. Kuɗin kuwa yawancinsa daga waje yake, daga shirin PEPFAR na Amurka da asusun duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro. Ta haka maganin ya iso Asibitin Ƙwararru na Jimeta da asibitin tarayya na Yola, wanda yanzu shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama.

Ya kamata a fahimci yadda maganin yake aiki, domin nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Ba ya kashe ƙwayar cutar ƙurmus, hana ta hayayyafa yake yi, har ta ragu a jini yadda na'ura ba ta iya ganinta. Wani babban bincike da aka bayyana a 2011 ya nuna fara shan magani da wuri yana rage yaɗuwarta tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin 100, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar cewa wanda ƙwayar ta kwanta a jininsa ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar saduwa. Amma ranar da aka daina sha, ƙwayar da ta ɓuya za ta farka, kuma tana iya koyon bijire wa maganin.

Yola ta ga gaskiyar wannan a ƙarshen watan Oktoba na 2014, sa'ad da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. Dubban mutane suka kwararo daga Mubi da Michika da Madagali, wasu a ƙafa ta daji, wasu ta cikin Kamaru. Aka cika sansanin masu yi wa ƙasa hidima na Damare, da Malkohi, da harabar cocin St. Theresa, mafi yawa kuwa suka raɓa a gidajen 'yan'uwa. Wanda ya gudu da rigar da ke wuyansa bai tsaya ɗaukar katin asibiti ba. Ko da ya san inda zai sami magani a Jimeta, sai ya bar ɗakin da mutum ashirin ke kwana ya faɗi inda za shi, in ya dawo kuma ya nemi wurin ɓoye kwalbar. Macen da kishiyarta da surukarta ke kwance kusa da ita, yaya za ta yi? Ba wanda ya ƙidaya waɗanda suka gwammace su haƙura da ƙwayar da a gane su. Yanzu dai akan ba wanda jikinsa ya daidaita maganin wata uku ko shida a lokaci ɗaya, abin da aka faɗaɗa a zamanin korona, kuma da an yi haka tun can da an ceci rayuka.

Ƙidayar gida gida da aka yi a 2018 ta nuna kashi 1.4 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 49, kimanin mutum miliyan 1.9 a Nijeriya, alhali a da ana zaton sun haura miliyan uku. Arewa maso gabas ta tashi da kashi 1.1, Taraba ce kan gaba a yankin. Kada dai a yi saurin buga tambari: wani ɓangare na raguwar gyaran lissafi ne, wani kuma waɗanda suka riga mu gidan gaskiya ne.

Inda aka fi gazawa shi ne wajen jarirai. In ba a yi kome ba, tsakanin 15 zuwa 45 cikin jarirai 100 na uwaye masu cutar za su ɗauka, a ciki ko wajen haihuwa ko ta nono. Da magani kuwa ba za su kai biyar ba. Duk da haka Nijeriya tana cikin ƙasashen da suka fi yawan yaran da ake haifa da ita, domin mata da yawa ba sa zuwa awo, a gida suke haihuwa, wadda ta je aka gwada ta kuma takan yi shiru don tsoron saki. Akwai dokar hana tsangwama tun 2014, Jihar Kano kuma ta wajabta gwaji kafin aure a 2024, amma doka ba ta shiga ɗaki tsakanin miji da mata.

Allurar rigakafi ta asali har yanzu ta gagara, manyan gwaje-gwajenta biyu sun ci tura a 2021 da 2023. Mutane ƙalilan da suka warke sarai, irin su Timothy Ray Brown wanda aka yi wa aiki a Berlin a 2007, dashen ɓargo aka yi musu saboda ciwon daji, aiki mai haɗari da ba za a yi wa jama'a ba. Abin da ya faranta ran likitoci shi ne lenacapavir, allura sau biyu a shekara mai kare wanda bai kamu ba. A gwajin 2024 a Afirka ta Kudu da Uganda, cikin mata sama da 2,000 da aka yi wa ita ba ko ɗaya da ta kamu.

Sai dai wannan albishir ya zo daidai da katsewar aljihu. A watan Janairu na 2025 Shugaba Donald Trump ya dakatar da taimakon da Amurka ke bayarwa a ƙasashen waje, daga baya aka rushe hukumar USAID. An kyale maganin ceton rai ya ci gaba, amma ma'aikatan da ke bin waɗanda suka daina zuwa karɓa har gida, da masu ɗaukar jini zuwa ɗakin gwaji, da yawansu albashinsu daga can yake fitowa. Gwamnatin Tarayya ta ware naira biliyan 4.8 don sayen magani a watan Fabrairu, Majalisa kuma ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na shekarar. Kamfanonin Indiya sun amince su sayar da sabuwar allurar a kan dala 40 a shekara daga 2027, kuma ko ta sauka a ma'ajiyar magani ta Yola, sai an biya nas da za ta yi ta da man babur ɗin da zai kai ta Toungo da Madagali.