Ko Ka San Tafiyar da Jatan Lande Ke Yi Kafin Ya Shigo Tukunyar Zongo?

Da sassafe a Aboabo ko Asawase na Kumasi, layi kan yi tsawo a gaban teburin mai wake da shinkafa, abincin da duk Gana ke kira waakye. Hajiya ta shimfiɗa ganye, ta zuba shinkafar da karan dafi ya rina, ta ɗora taliya da garin rogo da ganda, sannan ta kai cokali cikin wata roba ta ɗebo baƙin yaji mai maiƙo. Shi ne shito, kuma sau da yawa a kansa ake gardama: "Hajiya, a ƙara mini kaɗan mana!" Sunan daga harshen Ga na mutanen Accra ya fito, ma'anarsa barkono. Sai dai ƙamshin da ke sa mutum ya lashe yatsa na busasshen kifi ne da wata 'yar halitta da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, wato jatan lande, wanda maƙwabta Asante ke kira monko.

Kumasi ba garin teku ba ne. Daga Accra tafiyar kusan kilomita 250 ce, kuma fataucin goro ne ya kawo kakannin mutanen Zongo, ba kamun kifi ba. Duk da haka jatan lande ya samu gurbi a madafarsu ba tare da wata-wata ba, tunda a mazhabar Malikiyya abin da ke rayuwa a ruwa halal ne. Yakan iso kasuwar Kejetia a busashe ko a ƙyafe, mata su auna shi da gwangwani.

Halittarsa kanta abin kallo ce. Ƙashinsa a waje yake, shi ne ɓawon nan da ake ɓarewa, kuma tunda ɓawon ba ya girma, dole ya riƙa yin saɓa kamar maciji duk lokacin da jiki ya cika rigar. Ƙafafun tafiyarsa goma ne, ga wasu ƙanana a ƙarƙashin ciki da yake iyo da su. Zuciyarsa da tumbinsa duk suna cikin ɓangaren da ake kira kai. Idan ya tsorata, sai ya naɗe wutsiya da ƙarfi ya yi tsalle da baya. Ɗanyensa toka-toka ne, amma da ya ji wuta sai ya yi ja, saboda jan launin dama yana jikinsa, wani sinadari ne ya lulluɓe shi, zafi kuma ke warware shi.

Abin da ya fi muhimmanci a rayuwarsa shi ne tafiya. Na teku yana zuba ƙwai dubbai ɗaruruwa a can cikin ruwa mai zurfi, igiyar ruwa ta kwaso 'ya'yan zuwa tafkunan bakin gaɓa irin na Keta da bakin kogin Volta a Ada. A nan suke ɓuya cikin saiwoyin itatuwan da ke tsira a ruwan gishiri, su yi ƙiba, sannan su koma teku. Na kogi kuwa, mai dogayen hannuwa, uwar ce ke rungume ƙwanta a ƙarƙashin ciki. 'Ya'yan ba sa rayuwa sai sun sami ruwan da gishiri ya ɗan surka, don haka sai an gangara bakin teku, in sun yi ƙwari su hauro kogi. Wanda ya taɓa bi ta Atimpoku, gindin gadar Adomi, ya ga 'yan talla na rugowa wajen mota da soyayyen jatan lande tare da abolo.

To me zai faru idan aka tare wannan hanya? Senegal ta ga amsa da idonta. A 1986 aka kammala madatsar Diama kusa da bakin kogin Senegal, domin hana ruwan gishiri haurowa gonaki. Jatan landen kogi ya rasa hanyar zuwa haihuwa, ya kusan ɓacewa a saman madatsar. Ashe shi ne ke cinye ƙananan dodon koɗin da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Cikin 'yan shekaru cutar ta ɓarke a Richard Toll da kewaye, ta kama manya da yara. Daga baya masana suka mayar da jatan landen cikin keji a wata mashaya ta ƙauyen Lampsar, kuma sakamakon da suka fitar a 2015 ya nuna dodon koɗi mai cutar ya ragu ƙwarai, haka ma nauyin cutar a jikin mutanen ƙauyen. Gana ma ta san wannan ciwo, domin bayan gina madatsar Akosombo a 1965 tsargiya ta yawaita a garuruwan bakin tafkin Volta, inda ruwa ya kwanta, ciyawa ta samu wuri.

A teku matsalar ta kamu ce. Manyan jiragen da ke jan koma a ƙasan ruwa ba sa zaɓe: tare da jatan lande sukan kwaso 'ya'yan kifi da kaguwa, har da kunkurun ruwa, kuma abin da aka kama ba da niyya ba yakan ninka wanda aka fita nema. A bakin gaɓa kuma akwai masu mayar da gidan sauro koma, wanda ba ya barin ko ɗan da bai kai ƙwayar shinkafa ba, ga saran itatuwan nan na ruwan gishiri don ƙyafe kifi. Wannan ɓarna ce mai ciwo, domin abincin baɗi ake cinyewa bana. Masuntan gargajiya a yawancin gaɓar Gana tun kaka da kakanni ba sa fita teku ranar Talata. Gwamnati ma tun 2016 ta fara rufe teku ga manyan jirage na wani lokaci a shekara, kuma a shekarun baya-bayan nan watannin Yuli da Agusta ne hutun. Kamun da ya fi sauƙin ɓarna shi ne na tarkon kwando da ake dasawa a kogi da tafki, domin masunci na iya duba abin da ya shiga ya saki mai ƙwai. Mai saye a Kumasi ba ya ganin wannan duka, amma yana iya tambayar daga ina kaya suka zo, ya kuma ƙyale ɗanyen da ya ga ƙwai cunkushe a cikinsa.

Girkinsa ba wuya, gaggawa kawai yake so. A zaɓi mai tauri da sheƙi. Wanda ya yi yauƙi ko yake warin fitsari ya lalace. A ɓare shi, a tsaga bayansa da bakin wuƙa a zare baƙin zaren nan, hanjinsa ke nan. A shafa gishiri da citta da tafarnuwa da attaruhu, a jefa cikin mai mai zafi. Minti biyu zuwa uku sun isa. Idan ya lanƙwashe kamar jinjirin wata ya nuna, idan ya naɗe kamar zobe an makara, zai yi tauri kamar roba. Kawunan da ɓawon kada a zubar, a tafasa su da albasa a tace, romon ya shiga miyar ayoyo ta tuwo zafi. Wanda jikinsa ke ƙaiƙayi ko kumburi in ya ci, ya nisance shi gaba ɗaya, har da shito.

Busasshen kuwa haƙuri yake nema. Sai an sheƙe shi an tsince yashi da tsakuwa, a ɗan gasa a busasshen kasko har ƙamshi ya tashi, sannan a daka. Mai shito takan soya albasa a mai mai yawa har ta yi ja, ta zuba citta da tafarnuwa da tumatirin gwangwani, ta bar ruwan ya ƙone, sannan garin barkono da na kifi su shiga. Garin jatan lande yana cikin na ƙarshe, wuta a rage sosai, muciya kada ta tsaya, don da ya kama gindin tukunya ɗaci ya shiga. A hankali jan ya koma baƙi, mai ya taso sama. Wannan man da ya rufe fuskar kwalba shi ke tsare shi makonni ba firji, muddin cokalin da ake sawa busasshe ne, shi ya sa iyaye a Zongo ke cusa kwalba ɗaya ko biyu cikin akwatin ɗan makarantar kwana ranar komawa.