Ƙananan Wuƙaƙen Sakai da Ƙarfensu

A Sakai, garin da ke maƙwabtaka da Osaka a Japan, mutum ɗaya ba ya gama wuƙa. Maƙeri ya ƙera, mai washi ya fitar da kaifi, wani kuma ya sa ƙota, kowa da shagonsa. Sana'ar ta bunƙasa tun ƙarni na 16 da wuƙaƙen yanka taba, kuma har yau mafi yawan ƙwararrun masu dafa abincin gargajiyar Japan wuƙar Sakai suke riƙewa.

Ƙarfe biyu ake haɗawa. Maƙerin yakan ɗora sillen ƙarfe mai tauri, wanda suke kira hagane, a kan baƙin ƙarfe mai laushi, ya zura su wuta, ya yi ta dukansu da masaba har su zama jiki ɗaya. Mai taurin ne ke yanka, mai laushin kuma ya hana shi karyewa. Lokacin tsoma wuƙar a ruwa, masu ƙira da yawa kan rage hasken maƙera, domin da ido suke gane zafin ƙarfe daga launin jansa. In aka yi kuskure nan, wuƙar ta tsage, aikin yini ya tafi.

Shahararren hagane daga garin Yasugi na lardin Shimane yake fitowa. Akwai shirogami, wato farar takarda, da aogami, shuɗiyar takarda, sunayen da suka samo daga launin takardar da ake liƙa musu. Farin ya fi saurin ɗaukar kaifi, shuɗin kuwa, da aka ƙara masa wasu ma'adinai, ya fi daɗewa bai dakushe ba.

Ni ƙaramar wuƙar da suke kira ajikiri ta fi burge ni. Ba ta wuce tsawon tafin hannu ba, an yi ta don gyaran ƙananan kifaye, gefe ɗaya kawai ake wasawa, bayanta kuma da ɗan kwarmi don kada tsoka ta manne. Ƙotarta itace ce marar nauyi, bakinta da zoben ƙahon ɓauna.

Sai dai tana son kulawa. Ka bar ta da lema, kafin ka gama cin abinci tsatsa ta fara. Shi ya sa mai dafa abinci yake ajiye tsumma kusa da hannunsa yana gogewa, in an tashi aiki kuma ya jiƙa dutsen washi ya wasa ta da kansa. Wadda ta ƙare ma ba a wurgar da ita haka kawai: a wani gari mai suna Seki, duk ranar 8 ga Nuwamba, ana yi wa tsofaffin wuƙaƙen da aka tattaro bikin godiya, sannan a sake sarrafa ƙarfen.