A birnin Monreyal: fitilun wasa na tsai da masu wucewa lokacin ɗari

Monreyal shi ne birni mafi girma na lardin Kebek, cikin ƙasar Kanada, kuma yawancin mutanensa faransanci suke ji. Ɗarin wannan wuri ya wuce hunturun da muka sani. A watan Janairu sanyi yakan sauka wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, wani dare ma ya zarce 20, dusar ƙanƙara kuma ta lulluɓe hanyoyi. A tsakiyar Disamba rana takan faɗi tun ƙarfe 4 da ƴan mintoci, watau hasken yini bai cika awa 9 ba, alhali a Yamai, ko cikin wannan wata, yini ya fi awa 11. Ma'aikaci da yawa yakan tashi daga aiki ya tarar dare ya riga ya yi.

Hukumomin birnin sun daɗe suna neman dabarun kauce wa sanyi. Tun shekarar 1966 suka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa da ake kira metro. Akwai kuma hanyoyin ƙafa na ƙarƙashin ƙasa, tsawonsu ya fi kilomita 30, sun haɗa tashoshi da kantuna da ofisoshi. Dabarar ta yi amfani, amma ta zo da tata matsala. Idan jama'a suka nutse ƙasa, filayen da ke sama sai su yi tsit. Wanda ya fito daga tasha yakan sunkuyar da kai, ya yi sauri, ba ya duban kowa. Masu kantuna da masu gidajen abinci na bakin titi su ne suka fi jin wannan a jikinsu.

A tsakiyar birnin akwai unguwar wasanni mai suna Quartier des spectacles, da babban filinta, Place des Festivals, wanda aka buɗe a 2009 kusa da tashar metro ta Place-des-Arts. Lokacin zafi filin yakan cika maƙil da masu sauraron kiɗa. Da ɗari ya shigo sai ya koma hanyar ratse kawai. Saboda haka a 2010 ƙungiyar da ke kula da unguwar ta fito da wani shiri, aka sa masa suna Luminothérapie, watau magani da haske.

Sunan aro ne daga wurin likitoci. A 1984 likita Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana wani ciwon damuwa da ke kama wasu mutane idan yini ya gajarta. Ɗaya daga cikin magungunansa shi ne mutum ya zauna gaban fitila mai ƙarfi da safe. Fitilun filin dai ba na asibiti ba ne. Aikinsu shi ne su ba mai wucewa dalilin tsayawa.

An riƙa shirya gasa tsakanin masu zanen gini da masu fasaha da makaɗa, ana neman abin da zai jure ƙanƙara, wanda kuma jama'a za su taɓa da hannunsu. A ɗarin 2014 zuwa 2015 aka kafa aikin da ake kira Prismatica: ginshiƙai 50 masu kusurwa uku, kowane ya fi mita 2 tsawo. Yaro ma yana iya juya su, kuma da an juya sai launuka su bazu bisa ƙanƙara. Shekarar da ta biyo aka kawo Impulsion: dogayen alluna 30 masu fitila a ciki, irin waɗanda mutum biyu ke hawa, wannan ya yi sama wancan ya yi ƙasa. Idan babu kowa, haskensu kaɗan ne. Da an hau an fara motsa su sai hasken ya ƙaru, sauti ya tashi. A ɗarin 2016 zuwa 2017 kuma aka kafa Loop: manyan zobba 13, mutum biyu su zauna ciki su riƙa tura sanda gaba da baya, hotunan tatsuniya su bayyana suna motsi kamar silima. Duk kyauta ake shiga, ba a biyan ko sisi.

A nan ne hikimar take. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allon Impulsion ba ya tashi da mutum guda, dole wanda ya zo shi kaɗai ya nemi abokin hawa, ko da bai taɓa ganinsa ba. Ta haka baƙi biyu da suka fito daga jirgi ɗaya ba tare da sun gaisa ba sukan sami abin yin dariya tare.

Wasa da haske lokacin ɗari tsohon abu ne a Turai. A birnin Liyon na Faransa, tun 1852 mutane ke jera kyandir bisa tagoginsu daren 8 ga Disamba, kuma al'adar ta zama babban biki na dare huɗu. Sai dai a can galibi kallo ake zuwa yi. Na Monreyal makonni yake ɗauka, bisa hanyar da mutane ke bi kullum zuwa aiki, kuma ba ya cika sai da hannun mai wucewa.

Aikin yana da nauyinsa. Kayan da dubban mutane ke hawa cikin ƙanƙara suna bukatar gyara da tsaro kowace rana. Abin da ya sauƙaƙa shi ne ƙananan fitilun zamani da ake kira LED, waɗanda ba su cin lantarki da yawa, kuma sanyi ba ya hana su aiki. Bayan haka, idan lokacin ya ƙare ba a jefar da kayan, ana kai su wasu birane. A Janairun 2020 an kafa alluna 12 na Impulsion bisa titin Broadway na birnin Nuyok, a wani yanki da aka hana motoci shiga.

Masu tsara birane sun saba auna tasha da mararraba da yawan mutanen da suka ratsa su cikin awa guda. Monreyal ta ƙara musu wani ma'auni: mutum nawa ne suka tsaya, ko da na minti biyar ne, da ƙarfe 5 na yamma, cikin duhu da sanyin Janairu.