Ina motsa jiki, amma sikeli ya ce na ƙara nauyi

Ga wata magana da ake yawan kawowa gidan likita. Lokotoro ya auna mutum, ya ce jininsa ya hau, ko sukari ya yi masa yawa. Ya ce da shi ya rage teɓa, ya riƙa tafiya da sauri kowace safiya. Mutum ya yi mako uku yana zufa. Ran da ya koma ya hau sikeli, sai ya tarar kilo ɗaya ko biyu sun ƙaru. Daga nan sai ya ce wahalar banza ce, ya daina. To, kafin a daina, a tsaya a ji abin da ke faruwa cikin jiki.

Sikeli ba shi da ido. Manomin gyaɗa ya san haka. In ka ɗora buhu, sikeli ba ya rabe gyaɗa da ƙasa da tsakuwa, duka yake haɗawa. Haka yake yi wa mutum. Yana haɗa ƙashi da tsoka da kitse da ruwa, har da tuwon da ke cikin ciki. Fiye da rabin jikin babban mutum ruwa ne. Litar 1 ta ruwa kuwa kilo 1 ce. Shi ya sa awon safe da na marece kan bambanta da kilo guda ko fiye.

A makonnin farko, yawancin abin da ya ƙaru ruwa ne. Ku tuna da ranar farko ta noma. Kashegari hannu da baya duk sun yi tsami. Tsokar da ta daɗe ba ta yi aiki ba ce ta ɗan ji rauni, jiki kuma ya tura mata ruwa don gyara. Bayan haka, tsoka tana da rumbunta. In ta ga kullum ana sa ta aiki, sai ta ƙara ajiyar wani irin sukari da take ci lokacin aikin. Kowane giram 1 na wannan ajiya yana riƙe ruwa wajen giram 3. Wannan nauyi ba kitse ba ne, kuma ba ya ci gaba da hawa. Bayan ƴan makonni yakan tsaya.

Sai tsoka kanta. Ku dubi ƴan kokowa. An soma kokowar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975. Wanda ya taɓa kallonta ya ga ƙarti masu nauyi ƙwarai, da yawansu kuma ba su da tumbi. Dalili shi ne tsoka ta fi kitse cushewa. Litar 1 ta kitse giram 900 ce, ta tsoka kuwa ta haura kilo 1. Mutum biyu na iya zama nauyinsu ɗaya, wandon wannan bai shiga wancan ba.

Amma kada kowa ya ruɗi kansa. Tsoka a hankali take ginuwa. Ko saurayin da ke ɗaga ƙarfe, da wuya ya ƙara fiye da kilo 1 na tsoka a wata. Mai tafiyar safe bai ko kusa da haka. Saboda haka wanda ya ƙara kilo 5 cikin wata biyu, igiyar wandonsa kuma ta matse, ya bar zargin sikeli, ya dubi akushinsa.

Nan ne mutane da yawa ke faɗuwa. Motsa jiki yakan buɗe ciki. Mutum ya dawo daga tafiya, ya ce yau na wahala, a ƙaro. A ƙara masa malmala guda, a zuba mai ya kwanta bisa miya. Da rana a dafa shayi, na fari, na biyu, na uku, kowanne da sukarinsa. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da kusan ƙwayar sukari 7. Sai an yi tafiyar kusan rabin awa kafin jiki ya ƙone ta, alhali minti biyu sun isa a shanye ta. Wani kuma in ya yi tafiyar safe, sai ya wuni kwance gindin bishiya, ko masallaci sai bisa babur. Abin da ya rage da safe ya mayar da shi kafin dare.

To, yaya za a gane gaskiya? Da igiya. Ka tsaya tsaye ba takalmi, wani ya auna tsawonka da ita, daga tafin ƙafa zuwa ƙoƙon kai, ya yanke. Ka ninka ta biyu, ka zagaya ta a cikinka daidai cibiya, ba tare da ka haɗiye ciki ba. In bakunan sun haɗu, madalla. In ba su haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa abokin hawan jini da ciwon sukari. Ka ajiye igiyar, ka sake gwadawa kowane wata. In tazarar tana raguwa, aikinka na ci, ko da sikeli bai motsa ba. Mai son hawa sikeli kuma ya hau guda ɗaya kullum, da safe, kafin ya karya kumallo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. Wato rabin awa, kwana 5. Wannan yana taimakon zuciya da jini ko nauyi bai ragu ba. Manomin da ya rame da damina, ya murmure da kaka, shi ƙarin nauyi alheri ne gare shi.

Akwai dai ƙarin nauyin da ba a wasa da shi. In kilo 2 suka ƙaru cikin kwana biyu ko uku, ƙafafu suka kumbura, ka danna da yatsa ya bar rami, ko numfashi yana yi maka wuya in ka kwanta, wannan ruwa ne na ciwo. Yana iya zama zuciya ko ƙoda. A dakatar da motsa jikin, a tafi likita ran nan. Mace kuma in ta ga nauyi na hawa, al'ada ta tsaya, ta je awo. Kada a sayi ƙwayar rage ƙiba wajen masu talla a kasuwa. Wasunsu fitsari da zawo kawai suke sawa, ruwan jiki ya zube, kitse yana nan inda yake.